Ragowar maganin yaya ba na ƙanwa ba ne

Wasiƙun wannan makon sun zo kamar an haɗa baki, kusan duk a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wanda muke kira antibayotik. Na ɗebo bakwai, na taƙaita wasu saboda fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Na fi shekara ashirin ina miƙa wa mutane magani ta tagar asibiti, kuma babu irin maganin da nake maimaita bayaninsa har maƙogwarona ya bushe kamar wannan. Biyu daga cikin wasiƙun ban jira ranar bugawa ba, na amsa wa masu su a ranar da suka iso, za ku ga dalili.

Anti, ɗana mai shekara huɗu ya yi ciwon kunne, likita ya rubuta masa amoksisilin na ruwa, ya ce kwana bakwai. A kwana na uku zazzaɓin ya sauka, ya koma wasansa, sai na daina ba shi don kada magani ya yi masa yawa a jiki. Yau wata guda ke nan. Ƙanwarsa 'yar wata goma ta tashi da mura da tari, kuma kwalbar ta fi rabi. In ba ta? — Maman Biyu

Maman Biyu, kada ki ba ta ko ɗigo. Abin da ke cikin kwalbar nan ya riga ya tashi daga aiki. Ranar lalacewa da kika gani a jikin kwalin ta garin maganin ce tun yana busasshe. Daga lokacin da aka zuba masa ruwa aka girgiza, wani lissafin ya fara. Amoksisilin na ruwa ba ya wuce kwana 14, ɗan uwansa Augmentin kuwa mako guda ne a yawancin kwalabensa, kuma a cikin firji. Taki ta yi wata. Ki mayar da ita inda aka ba ki su zubar.

Ko da sabuwa ce fil, ba ta ƙanwar ba ce. Maganin yara da nauyin jikinsu ake auna shi, shi ya sa ake ɗora su a sikeli kafin likita ya sa biro a takarda. Awon ɗan shekara huɗu daban, na 'yar wata goma daban. Sannan mura da tarin da suka biyo ta, galibi wata irin ƙwayar cuta da ake kira bairas ce ke kawo su, amoksisilin kuma ba shi da abin da zai yi wa bairas. Za ki dai tayar mata da ciki, ƙila ki jawo mata gudawa, murar kuma ta tafi a ranar da dama za ta tafi.

Abin da za ki yi mata shi ne ki ci gaba da ba ta nono, ki riƙa share mata hanci, ki sa ido a kan numfashinta. Idan tana kwance shiru, ki ɗage rigarta ki ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa a minti ɗaya cur. A shekarunta, 50 ko fiye ya yi sauri. In kin ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki duk lokacin da ta ja numfashi, ko ta ƙi kama nono, ko jikinta ya saki tana ta barcin da ba nata ba, to asibiti a ranar, ba gobe ba. Wannan yana iya zama ciwon huhu, kuma a nan ne likita zai iya rubuta mata wannan amoksisilin ɗin, sabo, da nata awon.

Bari mu koma kan yayan, domin a nan nake so mu daɗe. Na san ba sakaci ya sa kika tsaya ba, tausayi ne. Amma saukar zazzaɓi alama ce kawai cewa ƙwayoyin cutar sun ragu har jiki ya samu sa'ida. Ba shaida ba ce cewa sun ƙare. Kin kashe maciji ba ki sare kansa ba. Wani yaron yakan tsira haka nan, jikinsa ya ƙarasa aikin, kuma da alama naki ya dace. Wani kuwa bayan kwana goma kunnen zai dawo yana zubar da mugunya, a koma gidan jiya. Ki lura da shi: idan yana yawan taɓa kunnen, ko kina kiransa daga bayansa ba ya waiwayowa, ki kai a leƙa masa.

Gaskiya ne likitoci sun rage yawan kwanakin shan antibayotik a cututtuka da dama, abin da a da ake ba wa kwana goma yanzu wani biyar ne, domin bincike ya nuna gajeren ya wadatar. To amma wanda ya leƙa kunnen ne zai yanke kwanakin. In kina ganin yaro ya warke tun kafin lokaci, ki koma ki tambaya ko za a iya tsayawa. Tambaya ba ta ɓata komai.

Wani abu kuma da nake gani kullum: cokali. Idan an rubuta mil 5, ba cokalin da ke cikin kwandon kwanukanki ake nufi ba, domin wani ƙarami ne, wani ya kusa ninka shi. Ki yi amfani da ɗan kofin awon da ya zo da maganin, ko sirinjin baki marar allura. Ki girgiza kwalbar duk lokacin da za ki zuba, don garin yakan kwanta a ƙasa, sai yaro ya sha ruwa-ruwa a farkon mako, ya sha kauri a ƙarshe.

Malama, kwanana biyar da mura, majinar har ta koma kore. Na je asibiti, na ɓata rabin yini a layi, likita ya duba ni ya rubuta farasitamol kawai ya ce in sha ruwa in huta. Na ce ya ba ni antibayotik, ya ce ba na buƙata. Ni dai na ji kamar ya raina ni ne. — Wani magidanci

Malam, ban ga raini ba a nan. In don ya rabu da kai lafiya ne, ai rubuta maka kafso ya fi masa sauƙi, ka tafi kana sa masa albarka. Ƙin rubutawar ne ke bukatar ƙarfin hali.

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Bakteriya halitta ce mai zaman kanta, tana ci, tana hayayyafa, kuma tana da bango da ya kewaye ta. Fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin, aikinsu su hana ta gina wannan bangon har ta fashe. Bairas kuwa ba shi da wannan bango. Cikin ƙwayoyin halittar jikinka yake shiga ya fake, ya sa su yi masa aiki. Sha masa amoksisilin kamar ɗaukar gatari ne ka ce za ka sare hayaƙi.

Koren majina kuma ba hujja ba ce. Launin daga sojojin jikinka ne, fararen ƙwayoyin jini da suka yi yaƙi suka mutu a wurin, kuma yakan fito ko bairas ne ko bakteriya. Mura takan ɗauki mako guda zuwa kwana goma, tarin da ke biyo bayanta yana iya kai mako uku yana damunka da dare. Ka koma wurin likitan in ta wuce kwana goma ba sauƙi, ko ka fara warwarewa sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ko numfashi ya yi maka wuya, ko ƙirji na suka. Tarin da ya haura mako biyu, musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, a gwada tarin fuka.

Mutane sukan ce mini, to in bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Yana cutarwa. A hanjinka da fatarka da maƙogwaronka akwai bakteriya masu ɗimbin yawa da ke zaune lafiya da kai. Duk kafson da ka haɗiya ba gaira ba dalili yana karkashe masu rauni a cikinsu, ya bar masu taurin kai su yaɗu, su cika wurin. Ba jikinka ne ke sabawa da magani ba, kamar yadda ake yawan faɗa, ƙwayoyin ne ke koyon kauce masa, kuma suna iya tsallakawa daga jikinka zuwa na matarka da 'ya'yanka. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗin haka lokacin da ya karɓi kyautar Nobel a 1945, cewa shan maganin da bai kai awo ba zai koya wa ƙwayoyin jure masa. Abin da ya hango ya iso. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. A Pakistan, tun 2016 aka samu ɓarkewar wani nau'in taifot da ya gagari kusan duk magungunan sha da aka saba ba shi. Ni kaina na sha riƙe takardar sakamakon gwajin fitsari, in bi jerin magunguna takwas ko tara da ido, in tarar ɗaya ko biyu ne kacal suka rage masu aiki, su ma na allura.

Anti, na gama shan antibayotik na ciwon haƙori, sai ga ƙaiƙayin gaba da farin abu mai kauri kamar dusar awara. Ƙawata ta ce sanyi ne, in ƙara shan wani kafson. — Wata amarya

Ƙanwata, in kika bi shawarar ƙawarki za ki ƙara wa wutar fetur. Abin da kika kwatanta ya fi kama da yis, wani nau'in naman gwari da ake kira kandida. Dama yana nan a jikin mace kaɗan-kaɗan, bakteriya masu amfani da ke gaban ne ke danne shi. Maganin haƙorin ya share su, shi kuma ya samu fili. Maganinsa na kashe naman gwari ne, irin su kilotirimazol na matsi ko na shafawa. Akwai na haɗiya, fulukonazol, amma tunda amarya ce ke, ki tabbatar ba ki da ciki kafin ki sha shi, kuma ki faɗa wa mai ba ki maganin in kina zato. Ki bar wanke ciki da sabulu ko wani haɗi, ruwa a waje ya isa.

Kalmar nan “sanyi” ta zame mana buhun da ake zuba komai. In ruwan na wari, ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko mara na ciwo, ko akwai zafin fitsari, wannan wata maganar ce. A je a gwada, kuma wani lokacin sai an haɗa da maigida a maganin.

An ce in sha sau uku a rana, sai na manta na rana har magariba. In haɗa biyu? — Ɗalibi

A'a, ɗana. In ka tuna da wuri ka sha nan take. In lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce ya wuce, ka ci gaba da lissafinka. Sau uku a rana kuma yana nufin kusan kowace awa takwas, misali shida na safe, biyu na rana, goma na dare, don kada maganin ya yi ƙasa a jini. Ba a tara ukun tsakanin hantsi da la'asar. Ka sa ƙararrawa a wayarka, ai ba ta barin hannunka.

Hajiya, mahaifina ɗan shekara 67 yana shan Cipro saboda ciwon fitsari. Yana haɗa shi da maganin gyambon ciki na ruwa, mai kama da madara, da ƙwayar ƙarin jini, duk lokaci ɗaya don kada ya manta. Tun jiya yana kukan agararsa ta dama na ciwo, har yana ɗingishi. — Babban ɗansa

Wannan ce ta farko da na amsa a ranar. Na ce Baba ya dakatar da maganin, ya daina taka ƙafar, a kai shi wurin likita a yinin don a canza masa wani. Na san yanzu na gama faɗan kada a tsaya da magani, to ga inda ake tsayawa. Sifrofuloksasin, wato Cipro, da 'yan gidansu suna iya raunana jijiyar agara har ta tsinke, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura 60, da mai shan maganin kumburi na firedinisolon ko makamancinsa, da wanda aka yi wa dashen ƙoda. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a takardar maganin.

Haɗin da Baba yake yi kuma ya rage wa maganin ƙarfi tun daga ciki. Sinadaran da ke cikin maganin gyambon ciki, da ƙarfen da ke cikin ƙwayar ƙarin jini, da zinki, da kalsiyam na madara, sukan riƙe Cipro a hanji su hana shi shiga jini. Ana shansa awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Don Allah duk mai raka dattijo asibiti ya zuba dukan magungunan da yake sha a leda ya tafi da su, har waɗanda shi bai ɗauke su magani ba. Mai shan wafarin na tsinka jini ya fi kowa buƙatar wannan, don antibayotik irin su Cipro da Flagyl da Septrin duk suna iya ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle.

Doksisaikilin, wani antibayotik ɗin, shi ma ba ya shiri da ƙarfe da maganin gyambon ciki, kuma yana da nasa halin da na koya a jikina. Wani dare na dawo aiki a gajiye, na jefa kafson a baki, na kora da ɗan guntun ruwan da ya rage a kofi, na kwanta. Da asuba na farka kamar an ajiye mini garwashi a tsakiyar ƙirji. Kafson ya maƙale a hanyar abinci ya narke a wurin ya ƙone ta. Na yi kusan mako ko yawu na haɗiya sai na runtse ido, ni da nake gaya wa mutane wannan maganar kullum ta taga. A sha shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan rabin awa. Ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro shi sai in likita ya ga dole, domin shi da danginsa na tetirasaikilin suna iya ɓata launin haƙoran da ke tsirowa.

A gidanmu duk wanda cikinsa ya ɓaci, babba ko yaro, Flagyl muke ba shi. Akwai laifi? — Uwargida

Akwai, Uwargida. Yawancin gudawar yara bairas ne, kuma abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Abin da yake buƙata ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da nono da abinci. Flagyl yana da wurinsa, kamar atinin da ƙwayar cutar amiba ke kawowa, amma gwajin bahaya ne zai nuna. In akwai jini a bahaya, ko idon yaro ya faɗa, ko ya daina fitsari, a tafi asibiti. Wanda likita ya rubuta wa Flagyl zai iya jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, fitsarinsa ya yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne. Barasa dai ba a haɗa su, har sai an yi aƙalla kwana biyu da gamawa.

Akwai kuma gudawar da shi kansa antibayotik ke jawowa. 'Yar kaɗan takan wuce da kanta. Amma in ta zama ruwa tsagwaro sau da yawa a yini, da murɗar ciki da zazzaɓi ko jini, ko da makonni bayan gama maganin ne, kada a sha maganin tsayar da gudawa, a ga likita a gaya masa abin da aka sha.

Anti, mijina yana kwana na takwas da shan Septrin, sai ƙuraje suka feso masa, idonsa ya yi ja, leɓɓansa suka fara saɓulewa, ga zazzaɓi. Wata 'yar uwarsa ta ce maganin ne ke fito da cutar waje, ya daure ya ƙarasa. — Matar aure

Wannan ce ta biyu, kuma amsar da na tura gajeriya ce: kada ya ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya, ku tafi sashen gaggawa yanzu, ku riƙe kwalin maganin a hannu. Babu maganin da ke fito da cuta ta fata. Ƙuraje da zazzaɓi tare da gyambo a baki ko ido ko al'aura alama ce ta wani mummunan rikici da jiki ke yi da magani, wanda likitoci ke kira Stevens-Johnson, kuma magungunan salfa irin su Septrin suna cikin waɗanda aka fi sani da jawo shi. Ba ya zuwa a ranar farko, yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni, shi ya sa ba a zargin maganin. Fata tana iya saluɓewa kamar ƙunar wuta, kuma yana kisa.

Akwai kuma mai zuwa da sauri, cikin mintuna ko awa guda bayan sha ko allura: borin jini, kumburin leɓe ko harshe ko fuska, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri. Shi ma ba a jiran gari ya waye. Tashin zuciya ko ɗan laushin ciki kuwa ba shi ne jiki ya ƙi magani ba, a faɗa wa likita dai amma kada a yanke hukunci a gida. Mutane da yawa suna yawo da cewa fenisilin ba ya karɓarsu saboda wasu ƙuraje da suka yi tun suna goye, in aka gwada sai a tarar yawancinsu lafiya lau suke shansa, alhali an yi shekaru ana kauce masa ana ba su wanda bai kai shi dacewa ba.

Matar ta sake rubuto mini cewa an kwantar da maigidan, kuma ya fara samun sauƙi. Allah ya ƙara afuwa. Idan an sallame shi, 'yar uwa, ki sa likita ya rubuta sunan maganin a katinsa na asibiti da manyan baƙaƙe, ku kuma rubuta a wata 'yar takarda ya sa a walat ɗinsa. Ya sani cewa Septrin yana da wasu sunayen, kamar Bactrim da kotirimokzazol, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro Fansidar ma ɗan gidan salfa ne. Duk inda za a ba shi magani, ko wurin cire haƙori ne, ya fara miƙa takardar kafin a miƙo masa komai.